Gidan da Ba Mai Gida: Tafiyata Katsina, Kano da Zariya

Tafoki zuwa Ƙanƙara

Tun kafin kiran assalatu muka tashi daga Tafoki, ni da ƙanena Alhaji Bello da direbansa Malam Iro. Ni dai kun san ba mai yawo ba ce. In an gan ni na wuce kasuwar Faskari, to suna aka yi ko rasuwa. Amma shekarun nan da kuɗin mai suka ɓarke, wanda bai taɓa ɗora tubali kan tubali ba ma ya zama ɗan kwangila, sai Bello ya samu aikin kwalbatoci, ya je Makka, ya dawo da haƙorin zinare da wata doguwar mota baƙa. Ya matsa sai ya kai ni na ga tsofaffin birane. Malam, maigidana, ya ce in je, ko kunnensa ya huta.

Inna ta rako mu bakin mota da fitila. Ta sa aka ɗora daddawa da kuka da man shanu da zabbi biyu, tsarabar Gwaggo Asabe, ƙanwar Babanmu marigayi, wadda aure ya kai Kano tun ina yarinya. Ita kaɗai ta rage a ɗakinsu Baba. Inna ta riƙe ƙofar motar ta ce, "Na riga na aika mata da direban hatsi kuna tafe ran Alhamis. Gidanta za ku sauka. Bello, da kai nike."

Ya ce, "To Inna." Irin to ɗin da ake ce wa mai tallan da ba za a saya ba.

Gari ya waye mana a Ƙanƙara, muka yi salla, muka sha koko da ƙosai mai zafi a bakin tasha. Ku riƙe wannan a ranku, don shi ne abinci na ƙarshe da na ci na gane sunansa sai da aka kwana biyu. Bayan Dutsin-ma muka tarar da shingen 'yan sanda. Sun sauke wata motar kasuwa kaf, har kaskon tuya suna leƙawa. Mu ko suna ganin tsawon motar suka sara mana. Zabbi suka yi ta kuka a but, can bayan mota, ba wanda ya ji.

Katsina

Da hantsi muka shiga Katsina ta wata tsohuwar ƙofa, ganuwa dama da hagu, ta zaizaye amma da kwarjininta. An kai ni na ga hasumiyar Gobarau. Na tsaya ina kallon ginin ƙasa da ya ga kakannin kakanninmu yana nan tsaye, Bello ko sai duba agogo yake, wai da shi aka ba aikin da ya shafe ta da siminti. Na ce Allah ya tsare ta.

Daga nan sai masauki, wato otal. Mu a gida in an ce otal, kun san abin da ake nufi, shi ya sa na ƙi fita mota sai da Bello ya rantse wannan na manya ne. Gini ne fari tas, ƙasa kamar madubi, wani mutum da jar hula aikinsa kawai buɗe ƙofa. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Na ƙara, sai wani saurayi a bayan kanta ya ɗago ya yi mini murmushi kamar na ba shi dariya.

Na ce, "Ɗana, ta ina ake shiga wurin matan gidan? In gaishe su."

Ya ce, "Hajiya, nan ba matan gida."

"To mai gidan fa?"

"Na kamfani ne, Hajiya."

Na san kamfani ba mutum ba ne, ba sai an gaya mini ba. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda za ka kwana a gidan da ba wanda zai ce maka ya hanya, ba wanda za ka miƙa wa ko ƙullin daddawa, ba wanda zai yi maka rakiya in za ka tafi. Bello ya ja gefen mayafina yana cewa, "Yaya, don Allah ana kallonmu."

Ɗakin da aka ba ni gado biyu ne, ni ɗaya. Malam Iro da ya yini yana tuƙi, shi a mota aka ce ya kwana, shi da zabbi. Akwai wani inji a bango yana hura sanyi har man shanun da na shigo da shi ya daskare kamar dutse. Bayi kuwa cikin ɗakin yake, taku kaɗan daga inda za ka sa goshinka. An ajiye tawul ya fi biyar, sabulu kamar alewa, kwamin wanka wanda sa zai sha ruwa a ciki, amma buta babu. Da na tambaya, sai da aka yi ta kiran juna a waya, can aka kawo mini tukunyar shayi a kan faranti.

Abinci kada ma a yi magana. Ganye ɗanye aka fara kawowa, na zaci kayan miya ne za a mayar a dafa. Bello ya ce salak ne, shi ya saba. Na ga dai yana tauna shi kamar mai shan magani. Malam Iro ya raɗa mini cewa kuɗin kwanan ɗakina ɗaya sai ya sayi ɗan maraƙi. Na kwana ina tausayin maraƙin.

Kano

Ran Alhamis bayan azahar muka kama hanyar Kano, muka shiga da la'asar sakaliya. Na ga mota ta bar cikin gari ta nufi wata unguwa mai itatuwa, sai na ce, "Malam Iro, nan ne hanyar gidan Gwaggo?" Ya dubi Bello ta madubi.

Bello ya ce, "Yaya, gobe mu je mu gaishe ta. Lungunsu mota ba ta shiga. Kuma akwai manyan mutane da za su zo nema na, in ce musu su bi kwata su same ni?"

Na ce, "Inna fa?"

"Inna tana Tafoki."

Wannan otal ɗin ya ninka na Katsina. Bene ne hawa kan hawa, ana shiga wani ɗan akurki a rufe ku, cikinka ya faɗo ƙasa, a buɗe ka gan ka a sama. A tsakar gida an haƙa tafki an shafe shi da shuɗi, Turawa kwance gefensa sun shanya jiki kamar an wanke su. Ta taga ina hango Dala, na san Gwaggo tana nan gindinsa wani wuri da tukunya a wuta. Manyan mutanen Bello kuwa mutum ɗaya ne ya zo, shi ma siminti yake son sayar masa.

Washegari aka zaga da ni marina, inda rini ke ta tashi daga ramuka tun zamanin da, aka ratsa da ni kasuwar Kurmi. Ban ga komai sosai ba, hankalina na wani wuri. Sai da aka sauko Juma'a muka ajiye mota bakin titi, muka bi lungu da kaya a hannu.

Gwaggo ta tsufa, ta rankwafa, amma ido da baki suna nan, kuma duk zaman Kano bai raba ta da harshen gida ba. Na faɗa jikinta, ta shafa kaina. Na leƙa ɗakin da ke kusa da nata: an share, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an yi turaren wuta. A gindin murhu ga tukunyar tuwon jiya ba a taɓa ba.

Ta ce, "Yaushe kuka shigo gari?"

Bello ya ce jiya.

"Ina kuka sauka?"

Ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Otal, Gwaggo. Saboda aiki."

Sunan mahaifinta Bello ya ci, don haka tun yana cikin tsumma ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Babana. Ran nan ta dube shi ta ce, "Madalla, Alhaji. A kawo wa Alhaji ruwa a soro." Soro, wato zaure, inda ake tsayar da mai tallan itace.

Na tura mata tsaraba, ta tura mini da ƙafa a hankali. "Mi zan yi da ita? Tsaraba ta mai masauki ce. Ku kai ma wanda ya share muku ɗaki. In kun koma ku ce ma Innarku na gode, na gane gidan Asabe ya yi ma ɗiyan wana kaɗan."

Na san in maganar nan ta isa Tafoki a haka, tsakanin gidanmu da Kano ya yanke ke nan, kuma Gwaggo ba ta da sauran shekarun da za a jira ta huce. Na cire takalmi na shiga ɗakin da aka share na zauna, na ce ni na sauka. Bello ya tsaya a soro da kofin ruwa, yana cewa ai kayansa na can, kuma an riga an kama ɗaki.

Gwaggo ta ce, "Haka ne. Ba a barin gidan mutane ba sallama. Miƙo mini mayafina, in je in yi ma mai gidan godiya."

Bello ya ce, "Gwaggo, ba sai kin je ba."

"Ya riƙe mini ɗiya, in ƙi zuwa? A ce ba ni da tarbiyya?"

Haka muka tafi da ita a gidan gaba. Ta shiga otal ɗin nan da sandarta da takalmin fata, ta rafka sallama, ba a amsa ba, ta tsaya cak ta sake, har sai da mai jar hula ya amsa. Ta ce a kira mata babban gidan. Manaja ya fito, wani Bakano mai kwat, yana ganinta ya durƙusa har ƙasa.

Ta ce, "Ɗan nan, kai ne ka sauki baƙina? Allah shi yi albarka. Ka ba su tuwo?"

Ya ce, "Ba ma yin tuwo, Iya."

"Ka san sunan ubansu?"

"A'a, Iya."

"To na gode da ɗawainiya. Na zo in ɗauki abina."

Mutanen da ke zaune a kujeru duk sun juyo, har mai simintin nan. Manaja da kansa ya sa aka sauko da akwatuna, yana ba ta haƙuri kamar shi ya yi laifin. Bello ya tsaya, babbar riga ta yi masa nauyi. Ta juya ta ce, "Babana, ɗauki akwatinka mu tafi, tuwo na hucewa."

Kwana biyu muka yi wurinta. An yanka zabbi, an yi miyar kuka da man shanu, Malam Iro ya samu tabarma da matashi a soro, gefen ubangidansa. Bello ya yi ƙorafin sauro, ya kuma yi ƙarin tuwo sau biyu.

Zariya

Muna fita Kano Bello ya ce, "Yaya, muna da wani a Zariya?" Na ce ba mu da kowa. Ya yi ajiyar zuciya har direba ya ji. Mun ga ganuwa da tsohon masallaci mai bakan gizo na ƙasa, abin sha'awa ƙwarai. Otal ɗin can sabo ne fil, fenti bai gama bushewa ba, famfon zinare-zinare amma ba ruwa, injin sanyi amma ba wuta. Da bokiti aka hau mana da ruwa bene. Kuɗin dai bai ragu ba.

Sabuwa zuwa gida

Daga Zariya muka biyo Funtuwa, Bello ya ce mu ratsa ta Sabuwa in ga aikinsa da idona. Na gani. Ruwan sama ɗaya ya cinye gefen kwalbatin, motar ta zurma, sai da manoma suka bar gona suka turo mu. Wani dattijo yana goge taɓo a hannu ya ce, "Alhaji, in ka san wanda ya yi aikin ga, ka gaishe mana shi." Bello ya ce zai faɗa masa.

Da magariba muka iso Tafoki. Mata sun cika gida ana ta tambayar bene da Turawa. Inna ba ta tambayi ko ɗaya ba. Ta bari aka watse, ta dube ni ta ce, "Ina kuka sauka a Kano?"

Na ce, "Ɗakin Gwaggo, Inna. Ta ce a gaya miki da kaka tana tafe, ki share mata ɗaki."

Inna ta juya wajen Bello. "Ba kai na tambaya ba, don na san ka."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Iro da manoman Sabuwa. Bello ma na gode masa, don ya nuna mini duniya da zuciya ɗaya. Ya ce baɗi sai Sakkwato. Inna ta ce ba laifi, muna da dangi can gida uku.