Akushin da Na Ƙona wa Baffa a Jidda

Mun tashi da asuba, ko salla sai a masallacin tasha muka yi ta, ni da wasu mutanen garinmu biyu da muka haɗa tafiyar Umara. Baba ya rako ni bakin ƙofa yana dogara sanda, saƙonsa kuma guda ɗaya ne: in na ga ƙaninsa a Jidda, in ce ya aiko masa da akushi ɗaya na injin nan da ake ta faɗa, ya gani da idonsa. Mu gidan sassaƙa ne tun kaka da kakanni. Baffa kaɗai ya tafi aikin Hajji da ƙuruciyarsa bai dawo ba, ya koyi juya ice a kan inji, ya yi aure a can, ya haifi 'ya'ya mata biyu. Ku da kuke ta tambayata yaya hanya ina cewa alhamdu lillahi, yau ga cikakkiyar amsa. Tafiyar ba ta yi min daɗi ba, kuma ni na ɓata ta da hannuna.

A filin jirgin Kano mun sha zama har muka gaji da kallon juna. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya ɗauko yaji gwangwani uku, kamar an ce masa babu abinci a Makka, ya kuwa sha tambayoyi wajen masu duba kaya. Da muka sauka Jidda, zafin da ya tare mu ba irin namu ba ne. Namu yana gasa mutum, wannan jiƙa shi yake, riga ta manne a baya tun ba a kai ga mota ba. Muka wuce Makka muka yi ibadarmu kwana huɗu lafiya lau. Su suka nufi Madina, ni na shiga motar haya na juyo Jidda.

Titunan garin faɗi gare su, babu rami ko ɗaya, amma babu inda mai ƙafa zai raɓa. Muna tafe direba yana nuna min filaye fetal yana kiran sunayen unguwannin da aka rushe, wasu a cikinsu mutanenmu suka yi shekara da shekaru. Gidan Baffa a unguwar Mada'in Fahad yake, ɗaki biyu da falo a saman wani shagon kayan masarufi. Da safe aka ajiye min wake dakakke da man zaitun da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis, wanda riyal biyu ke saye ya ƙosar da mutum biyu, in dai bai juya kuɗin zuwa naira a zuciyarsa ba. Ni na juya, na kuma ci a hankali. 'Ya'yan Baffa suna jin duk abin da na faɗa, amma in za su ba ni amsa sai su fara da Hausa su ƙarasa da Larabci. Babbar tana koya wa yaran maƙwabta karatu a gida, ƙaramar ba ta gama sakandare ba. Ko sau ɗaya ba su taɓa taka Najeriya ba.

Bari in faɗa muku abin da kowa a gidan ya sani ban da ni. Kafilin Baffa, wato Balaraben da iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa, ya rasu, magada kuma sun yanke shawarar rufe wurin aikin. Takardar zaman ta kusa ƙarewa, ta matarsa da ta 'ya'yan duk a kan tasa suke rataye. Mutum ɗaya ne ya yarda ya duba maganar ɗaukarsa, wani mai shagon kayan adon gida a Waziriyya. Shi ma da ya ga furfura sai ya miƙo gungumen ice ɗaya ya ce a yi masa kwano ya ga ko hannun yana nan. Baffa bai gaya min ko kalma ɗaya ba. Ɗan wansa ya zo baƙunta, ba zai buɗe masa cikinsa ba. Kullum in na tambaye shi aiki, amsarsa, "Shugul lafiya lau, ya waladi, ci abincinka."

Kwana biyu da zuwana ya tafi da ni wurin aikin a Ruwais, wani tsohon lungu da ake jin iskar teku amma ba a ganin tekun. Injin yana tsakiyar ɗakin, dogo, fentinsa ya koɗe. Makhraɗa suke ce masa. A kan kanta akwai kwanukan ice jere, farare da jajaye, ba ko ɗaya baƙi. Na ce a raina waɗannan mutane aiki rabi suke saye. Na isar da saƙon Baba, ya yi dariya ya ce in sha Allahu. Sai ya jawo gungumen daga ƙarƙashin tebur, ni kuwa nan take na ƙudurta cewa na Baba ne za a fara.

Icen ban taɓa ganin irinsa ba. Dardar ake kiransa, daga ƙasashen sanyi ake kawo shi, wannan kuma ya yi shekaru a ajiye har ya bushe ƙayau. Na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, yatsan ne ya ji jiki. Mu a gida ɗanyen ice muke sara, tun yana da ruwa yana karɓar ƙarfe. Baffa ya ɗaure gungumen a fuskar injin da kusoshi masu murɗi, ya kunna a hankali, duk ɗakin ya ɗauki rawa saboda icen bai daidaita ba tukuna. Ya kafa ƙarfensa mai bakin cokali, ya manna ƙotar a kwankwasonsa, ya shiga ci kaɗan-kaɗan. Babu dogayen ɓawo masu laushi, sai gutsattsari masu zafi da ƙura. Jijiyoyin icen a harɗe suke, in ka bi ta nan lafiya, can ya tsage. Bai fi ya yi 'yan mintoci ba sai ya kashe inji ya koma dutsen wasa ƙarfe, ya dawo, ya sake komawa. Ranar farko bayan kwanon kawai aka gama.

Washegari ya juya shi ya kama gindin, ya fara rarake ciki. A nan na yarda Baffa gwani ne, duk da ba na son yabon inji. Yakan tsayar da shi ya kama gefen kwanon tsakanin yatsu biyu, ya lumshe ido, ya ce saura kaɗan ta nan. Gumi na ɗiga daga gemunsa, hannun hagunsa na ɗan rawa in ya saki ƙarfe, amma in ya riƙe sai ya tsaya cak. Kafin azahar gefen ya koma bai fi kaurin ƙaramin yatsa ba. Ya goge shi da takardar gugar katako, daga mai kaushi zuwa mai laushi, zanen icen ya fito, layi-layi masu lanƙwasa, wani ja wani ruwan ƙasa. Ya sare gindin da injin ya riƙe, ya ajiye kwanon a kan tebur ya daɗe yana kallonsa. Bayan mun yi salla ya ce zai je ya sayo man da ake shafawa, in jira shi.

A gidanmu babba ba ya baƙanta akushi, kuma ba ya roƙon a baƙanta masa. Shi zai sassaƙa ya ajiye, na ƙasa da shi ya ɗauka ya ƙona bayan da baki da ƙarfe mai zafi, ya murje da mai har ya yi baƙi sumul. In ka bari har aka ce maka yi, ka ji kunya. Ni na yi wa Baba wannan aiki fiye da shekara ashirin, na kuma san ba zai sa tuwo a farin akushi ba ko da waye ya aiko shi. Ga ɗan murhun gas da suke dafa shayi, ga wani faffaɗan ƙarfe a jingine, ga ragowar man zaitun na kalaci. Na zage ina murna, har ina ayyana yadda Baffa zai shigo ya ce ashe tarbiyyar gida tana nan.

Na gama bayan kwanon, ina cikin bin bakinsa, sai na ji ƙara, tas! Tsaga ta sauko daga baki har kusan rabi. Namu icen yana da sauran ruwa lokacin da muke ƙona shi, shi ya sa yake jure wuta. Wannan babu ɗigo a cikinsa, ga shi an fefe shi siriri. Ina tsaye da shi a hannu Baffa ya shigo da kwalbar mai.

Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya sa farce ya kankari baƙin, ya ga man ya riga ya bi ƙofofin icen ya shige ciki. Ya zauna a kan benci.

"Wa ya sa ka?"

"Baffa, na Baba ne, na ga kada ka..."

"Ba na Yaya ba ne," ya ce. "Iƙamata ce wannan. Khalas."

A nan ya gaya min komai, cikin 'yan kalmomi, idonsa a kan kwanon. Na ce a nemo wani icen. Ya ce mutumin ya yi wa nasa alama, kuma ba a samun irinsa a kasuwar katako ta garin, jibi ne kuma ranar kaiwa.

Na nace sai na bi shi Waziriyya in faɗa da bakina cewa ni na yi. Unguwa ce ta ƙananan shaguna, masu walda da masu gyaran firji, ko'ina ƙamshin soyayyen kifi. A bakin ƙofa Baffa ya riƙe hannuna ya ce in na buɗe baki bai yafe min ba, ba za a ce a gaban baƙo ɗan gidansu bai san ice ba. Mai shagon matashi ne, ba zai wuce sa'an ɗan Baffa ba da yana da ɗa namiji. Ya karɓi kwanon da yatsu biyu, ya kalli tsagar, ya kalli baƙin da ya shafar masa hannu, ya tambaya mene ne wannan. Baffa ya ce haka ake yi a ƙasarsu. Mutumin ya sa aka kawo mana shayi, ya yi ta addu'ar Allah ya buɗa wata ƙofar, ya raka mu har titi. Ladabi kam ba a fi su ba. Shekara talatin da 'yan kai mutum yana juya ice a garin nan, ƙofofi da kujerun gidaje nawa ne suka bi ta hannunsa, amma duk a auna shi da kwano ɗaya a cikin minti biyar. Wannan ya ƙona min rai, har yanzu kuma yana ƙona min, sai dai in na gama jin haushinsu in tuna wa ya kunna murhun.

Sauran kwana ukun da na yi a gidan ba a fasa ba ni abinci ba, ba a kuma canja min fuska ba, ban da babbar 'yar. Ranar da zan tafi ta tsaya a ƙofar falo ta ce, "Yaya, lesh ba ka tambaya ba? Kalma ɗaya bas." Wato me ya sa ban tambaya ba, ko da kalma ɗaya ce kawai. Baffa ya naɗe kwanon a tsohon mayafi ya cusa min a jaka, ya raka ni filin jirgi, ya ce in gaishe masa da yayansa.

Na iso gida ran Alhamis da la'asar. Mutane suka cika zaure ana ta barka da sauka, ina raba dabino da ruwan Zamzam ina yaƙe. Baba ya tambayi saƙonsa, na ce ba a samu gamawa ba. Kwanon yana ƙasan akwatina.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai daɗin faɗa ba ne. Na ɗauka abin da yake ladabi a rumfarmu ladabi ne a ko'ina, na kuma shiga wurin aikin wani da raini a cikina tun ban zauna ba. Shi ma Baffa da ya daure ya gaya min halin da yake ciki, da ko kusa da teburin ban je ba. Mu mutanen gidan nan mun iya yi wa juna aiki, ba mu iya yi wa juna magana ba, ga inda abin ya kai mu.

Shekaranjiya Baffa ya kira ni. An buga musu bizar fita ta ƙarshe, su huɗu, suna tafe bayan wata guda. Ya ce in share ɗakunan bayan gida, in duba rufin. Sai ya tambaye ni ko ana samun wutar lantarki a garin yanzu, don magadan sun ce in yana son injin ya ɗauka. Na ce ana kawowa wani lokaci, sati ya kan wuce ba a gan ta ba.

"To, bar maganar inji," ya ce. "Ka sa maƙeri ya yi min gizago. Mara nauyi, ka ji, hannun ba kamar da ba."