Allurar ɗinkina da fuskar ƙanwata

Shekaruna ashirin da uku a lokacin, ina gidanmu da ke Ƙofar Kibo, sana'ata ɗinkin hula. An san ni a unguwa da tsaftar aiki, hannuna ba ya rawa. Ni ce babba a ɗakinmu, abin da na faɗa kuwa shi ƙannena ke bi ba musu.

Ƙanwata tana aji biyar a sakandare kuraje suka feso mata a goshi da kumatu. Ƙawayenta suka sa ta a gaba da tsokana, ta dawo gida tana kuka. Inna ta ce kurajen girma ne, a ƙyale su. Ni kuwa na ce ba za a zuba ido ba. Kullum bayan la'asar sai in ajiye hular da nake yi, in ɗora kanta a cinyata, in gasa bakin allura da ashana, in huda kurajen ɗaya bayan ɗaya in matse. In na gama sai in goga mata lemun tsami da jar kanwa. Takan ce, "Yaya, wallahi da zafi." Ni kuma in ce ta daure, zafin shi ne alamar magani yana ci.

Bayan wata biyu duk inda na taɓa ya bar baƙin tabo. Maimakon in tsaya, sai na je wajen wata mata a wajejen Kufena mai haɗa mayukan gyaran fata, na karɓo wani mai a kwalba marar suna. Makon farko fuskar ta yi haske, har na riƙa nuna wa maƙwabta. Daga baya fatar ta yi ja, ta fara ɗayewa, kurajen suka dawo manya masu ruwa. Wata safiya ta tashi kuncinta na hagu ya kumbura har ya danne ido, ga zazzaɓi. Ranar ce Baba ya san abin da muke yi, ya ce a tafi asibiti.

Likitar fata ta duba ta, ta tambayi wanda ke matse mata. Na ce ni ce. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce da tun farko muka zo, sabulu marar ƙarfi da maganin shafawa sun isa. Baƙin tabon zai dushe a hankali in ta kiyaye rana, amma ramukan da allura da farce suka bari sai dai a rage su, ba za su cike duka ba.

Haka kuwa aka yi. Yau shekara shida ke nan. Kurajen sun tafi, baƙin ya washe, ramukan suna nan a kuncin hagu. Ta gama makaranta tana koyarwa, amma ba ta yarda a ɗauke ta hoto, in biki ake sai ta koma bayan mutane. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Da na nemi gafararta, cewa ta yi ai taimakonta na yi niyya.

Abin da na fahimta shi ne kyakkyawar niyya ba ta zama ilimi, kuma wanda ya yarda da kai ba ya iya ce maka bari. Ina kira ga yayye da iyaye, in kuraje suka fito wa yaranku ku ɗauke hannu. Kada a matse, kada a huda, kada a shafa abin da ba a san haɗinsa ba, a je wurin likita tun suna ƙanana. Hula in na ɓata ta nakan warware zaren in sake. Fuskar ƙanwata kuwa kullum ina ganin aikina a kanta.