"Na Ji" Ɗin Da Yaya Bashir Bai Yarda Da Shi Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Dokta Bashir, likitan ƙwaƙwalwar da kotu kan tura wa wanda ake tuhuma don ya duba ko yana cikin hankalinsa. Allah Ya jiƙansa. A gidanmu na Kabara "likitan na ji" muke ce masa, don kalmar nan ta hana shi sakat.

Yakan ce alƙali zai karanta wa mutum tuhuma, ya tambaye shi ko ya ji, mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Sai a rubuta ya fahimta. Alhali Bakano ko bai gane komai ba, in babba ya yi magana, na ji zai ce don ladabi. Takardun gwajin kuwa daga Turai aka fassaro su, ba su san da wannan ba. Yaya ya cika littattafai yana binciken yadda za a yi tambayar da Hausarmu. Shi ba ya wucewa sai ya ce, "To, maimaita mini abin da ka ji." Dariya nake masa a lokacin.

Yau ba na dariya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ɗana Nura, marini a Ƙofar Mata, ya shekara biyu da taɓin hankali muna rufewa. Watan jiya ya fasa wa abokin aikinsa kai da sanda. Mutumin ya rayu, Nura yana tsare, mako mai zuwa likita zai duba shi.

An samu ci gaba a wannan fannin, ban musa ba. Da Yaya na nan zai yi murna da matasan likitoci, da tambayoyin da aka gyara, da kotun da ta tura Nura ba mu roƙa ba. Amma likitocin kaɗan ne, masu jira da yawa. Tsoro nake ji ƙwarai, kada mai sauri ya karɓi amsar farko ya sa hannu.

Jiya na je ganin Nura, na yi masa bayanin tuhumar dalla-dalla. Ya ce, "Na ji, Umma." Na ce ya maimaita mini. Sai ya tambaye ni ko an rufe masa rijiyar rininsa.

Yaya bai bar gida ko fili ba, tambayar nan ya bari. Allah Ya sa likitan da zai zauna gaban Nura ya gaje ta.