Ƙwaryar Baba Sambo

Har yau ban manta da ranar da munka buɗe Gidan Zane a Bagudo ba, shekarar da anka samu mulkin kai. Akwai Malam Umaru mai zane, wanda ya kafa gidan bayan ya gama karatu ya dawo gida. Akwai wakilin hakimi, da Hassu masaƙiya daga Kaoje, da Baba Sambo gyartai, mai ɗinkin fasassun ƙorai, wanda ya tako daga ƙetaren iyaka, ƙasar da muke kira Dahomey lokacin. Sai ni Kulu, mai shara da riƙon mabuɗi.

Ku da kuka zo aiki baya, ku ji yadda tsarin yake. Kowane aiki yana da takarda mai sunan wanda ya yi shi da garinsu, Malam ya karanta wa irinmu da ba mu yi boko ba. Ba a tambayar mutum ƙasarsa. Kuma ba a ɗaga aiki daga wurinsa sai da bakin mai shi. Ni anka ɗora wa tsaron wannan doka, kuma ni na fara karya ta.

Da safe ina shara na ga wata tsohuwar ƙwarya a kan teburin tsakiya, kusa da zanen Malam, ɗinki ya ratsa ta gida uku. A gidanmu ba a fito wa baƙo da ɗinkakkiyar ƙwarya, abin kunya ne. Na ce lallai Malam mantuwa ya yi. Na ɗauke ta na kai bayan gida, na zuba wa kaji ruwa a ciki.

Bayan azahar baƙi sunka taru. Malam ya riƙo hannun Baba Sambo, tsoho mai ƙura a ƙafa, ya faɗa wa wakili cewa tsohon kwana biyu ya yi a hanya don ya ga aikinsa an ajiye cikin daraja. Ya juya ga tebur. Takarda na nan, ƙwarya babu.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Ba komai, ɗana. Dama na san ba wurin irinmu ba ne."

Maganar nan ta soke ni. Kuma na tuna akwai akuya a bayan gida, mai taka duk abin da ta samu. Rabona da gudu tun ina budurwa, amma ranar na yi. Na iske ƙwarya lafiya, akuyar na can tana cin ɓawon rogo. Ban tsaya zubar da ruwan ba, na ɗauko ta haka nan na shigo gaban jama'a na ce ni na ɗauke, kuma na faɗi dalili.

Hassu ce ta fara lura. Ta sa hannu ta shafa gindin ƙwaryar, ta nuna wa wakili tafinta a bushe. Tun safe ruwa ke ciki, ko ɗigo bai fita ba.

Baba Sambo ya dube ni, ya yi dariya har da tari. "Inna, ke kaɗai kika san yadda ake nuna aikina. Shi Malam wanga ajiye ta ya yi wayam kamar hula."

Da anka watse na miƙa wa Malam mabuɗi. Ya ƙi karɓa. Ya ce bai gina gidan don a nuna wa baƙi muna da kaya masu kyau ba, ya gina shi don a ga hannun mutanen da ke raye, ko mai fenti ko mai basilla. Abin da na koya ke nan: mai tsaron irin wannan gida idonsa a kan hannun baƙi yake, amma nasa hannun ya fi buƙatar tsaro.

Washegari, kafin Baba Sambo ya kama hanya, na tambaye shi izini. Na wanke ƙwaryar, na cika ta da ruwan rijiya, na mayar da ita tsakiyar tebur kusa da takardarta. Sannan na ɗauki tsintsiya.