Sunan Da Ban Taɓa Tambaya Ba

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya san unguwarmu zai gane ni tun kafin ya yi nisa da karatu.

A lokacin da abin nan ya faru ni tsohon hedimasta ne, ban daɗe da ajiye aiki ba bayan shekara talatin da 'yan kai ina koyarwa tsakanin Maradun, Tsibiri da Talata Mafara, inda a ƙarshe na gina gida na zauna. Mutum ne ni mai ji da kansa a harkar takarda. Duk mai cike fom a unguwarmu, na neman aiki ne ko na taki ko na makarantar yaro, zaurena yake kawowa, kuma ba na sakin mutum sai na yi masa wa'azi. Nakan ce da su suna ba abin wasa ba ne, harafi ɗaya ya isa ya hana mutum haƙƙinsa. Abokaina na majalisa har tsokanata suke yi, wai ko gaishe ni aka yi sai na duba ko an sa wasali daidai. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan tsokana.

Matata 'yar Bakura ce, shekararmu talatin da huɗu da aure. Ran Talata aka haife ta, ranar kasuwar Mafara, kuma da sunan ranar kowa yake kiran ta, daga iyayenta har maƙwabta. Ni kuwa, irin na mazan zamaninmu, ban taɓa kama sunanta ba. Ko dai in ce ke, ko in yi gyaran murya ta gane da ita nake, daga baya na koma ce mata uwar wance. Ita kuma Malam take ce mini. Tana koyar da 'yan mata karatu a tsakar gida da yamma, kuma a cikin ƙissoshin annabawa babu wadda take so kamar ta Annabi Musa, lokacin da mahaifiyarsa ta sa shi a akwati ta saki a kogi. In tana ba da ita sai ka ji muryarta ta canja. A bakin gulbi ta tashi, ta san abin da ruwa yake yi wa abin da aka sakar masa.

Ciwon ido ya fara mata a hankali. Mun ɓata lokaci wajen tozali da maganin ɗigawa na kemis kafin mu je Sakkwato, inda likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama ma gani yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ya ba da magani, amma da na bi shi waje na matsa masa, sai ya ce in tana da abin da take son gani a duniya, kada a ja lokaci. A mota muna dawowa da muka kusa gida sai ta ce ita dai ta gode wa Allah, ta ga Ka'aba ta ga jikokinta. Abu ɗaya ya rage mata, da ma ta ga kogin nan na Misira da idonta ko sau ɗaya. Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin mafarki, har da 'yar dariya. Ni kuwa a nan na ƙudura a raina sai na kai ta.

Wani tsohon ɗalibina da ya taɓa zuwa ya haɗa ni da wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a Kano. Suna kai ayari lokacin sanyi kawai, don sun ce zafin can ba na dattawa ba ne. Za a sauka a Alƙahira, daga nan a wuce kudu a shiga jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, a yi kwanaki ana tafiya a kan kogin Nilu, ana tsayawa gari-gari tare da ɗan jagora mai bayani. Abin da na samu a noman rani na shinkafa da kuɗin sallamar barin aiki na haɗa, na kama mana gurbi biyu. Sai dai na yanke shawarar ba wanda zai ji, har ita. Dalili na farko kowa a yankinmu ya san shi: yanzu in aka ji kana shirin fita waje, ba ka san kunnen da maganar za ta faɗa ba, kuma hanyoyinmu ba su da tabbas. Na biyu tsoron bakin mutane ne, wanda muka gada. Na uku, wanda shi ne gaskiyar magana, so nake in ga fuskarta ranar da zan ajiye mata tikiti a hannu. So nake a ce Malam ya yi abin da ba a taɓa yi ba.

Jami'ar kamfanin, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta ce in turo hoton fasfo na kowannenmu. Nawa na tura nan take. Na matata yana cikin akwatinta na ƙarfe tun da yayanta ya kai ta Umara shekara uku kafin nan, makullin kuma yana ɗaure a bakin zaninta. Ba yadda zan yi in ɗauko ba tare da ta tambaye ni dalili ba. Na ce wa jami'ar ta ba ni fom in cike, fasfo zai biyo baya. Ta ce da wannan jerin sunaye za a nemi izinin shiga ƙasar, kuma izinin yana ɗaukar makonni, don haka lallai sunan ya zama daidai da na cikin fasfo. Sau uku tana maimaita mini. A na ukun har raina ya ɓaci, na ce mata 'yata, tun ba a haife ki ba nake cike fom, kuma matar nan matata ce ba baƙuwa ba. Na rubuta sunan ranarta, na bi shi da sunana, na sa hannu da irin sa hannun nan nawa mai wutsiya.

Wata biyu na yi ina shiri a ɓoye kamar ɓarawo a gidansa. Kamfanin ya turo jerin abin da za a tanada, na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na sayo mata takalmi shafaffe saboda hawa da sauka a jirgi, da rigar sanyi, da baƙin tabarau, na ɓoye su a bayan littattafaina a zaure. Na tara mata maganin ido na wata guda. Na fara fita da ita yawo bayan la'asar, na ce likita ne ya ce ta riƙa motsa ƙafa, alhali jagoran tafiyar ne ya ce akwai tattaki. Har allurar rigakafin shawara na kai ta aka yi mata, na ce cikin maganin ido ne. Wannan ranar ba ta fita daga raina. Ma'aikaciyar ta tambaye ta sunanta za ta rubuta a kati, ni kuwa daidai lokacin na hango wani tsohon abokin aiki a baranda, na fita muka tsaya gaisuwa, iyali, gajiya, labarin fansho. Kafin in dawo ta karɓi katinta ta jefa a jaka. Taku biyar ne tsakanina da jin gaskiya, na tafi gaisuwa.

Saura kwana goma sha biyu a tashi kamfanin ya ce a kawo fasfo, ba sauran ɓoyo. Da hantsi na same ta tana tsince shinkafa da lalube, na zauna na faɗa mata. Da farko ta ce in daina mata wasa irin wannan. Da na ɗauko takalmin da rigar na ajiye a gabanta, sai ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, tana sa mini albarka kamar ni ɗanta ne. Ta aika aka kira ɗiyarmu daga Maradun, aka kai ɗinki, aka fara maganar lalle. Ta ce za ta tafi da 'yar gora ta ɗebo wa ɗalibanta ruwan kogin su gani. Sannan ta kwance makulli ta ɗauko fasfon a naɗe cikin ɗankwali ta miƙo mini. Na buɗe a tsaye. Hotonta ne, amma sunan da ke ƙasa ban taɓa jin an kira ta da shi ba, kuma abin da ya bi shi sunan mahaifinta ne da Bakura. Ko kalma ɗaya ba ta yi daidai da abin da na rubuta ba.

Daga baya na fahimci yadda aka yi. Sunan yankanta na kakarta ne, mahaifiyar babanta, don haka tun ranar suna ba mai iya furta shi a gidansu, aka bar ta da sunan rana. Ranar ɗaurin aure an faɗe shi, amma ni ango ina can ɓoye a ɗakin abokina kamar yadda ake yi. Bayan nan kuma ban taɓa tambaya ba. Takardun 'ya'yanmu duk ni na cike, kuma sunan ranar nake sawa a gurbin uwa, ba wanda ya taɓa ce mini kanzil.

Washegari na kama hanyar Kano. Na ce wa jami'ar zan kawo takardar rantsuwa daga kotu, zan kawo mai unguwa, zan kawo duk wanda suke so ya shaida mace ɗaya ce. Ba ta tuna mini da abin da na faɗa mata ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ta ce da harafi ne ko biyu da an gyara, amma wannan a wurin hukumar can wata mata ce daban, sai an nemi sabon izini, kuma ba zai fito ba kafin ayari ya tashi. Wannan ne ayarin ƙarshe na bana, sai sanyi ya zagayo. Ta ce ni nawa ya fito, ina iya tafiya. Na zauna a kujerar ofishin nan, dattijo da furfura, hawaye yana zubo mini a gaban yaran da na haifi kamarsu.

Na dawo gida na yi kwana biyu ban faɗa wa matata ba, ina kallo tana shirya jaka tana kwancewa tana sake shiryawa. A rana ta uku na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni wane suna na rubuta, na faɗa. Sai ta ce ashe duk shekarun nan Malam bai san da wa yake zaune ba. Ta ce ita ta san sunana na yanka, ta san na innata, ta san na kakana da ya rasu tun ba ta zo gidan ba, ba ta taɓa furta ko ɗaya ba, amma tana riƙe da su don tana sa su a addu'a. Ta tambaye ni, ni da wane suna nake roƙa mata Allah. Ta ce ba komai, haka Allah ya so, ta tashi ta ciro kayan daga jaka da kanta, ta ƙi yarda ɗiyarmu ta taimaka mata.

Na sake cike fom, wannan karon da fasfon a gabana, ina duba kowane harafi. Muka shiga jira. Bazara ta wuce tana ganin inuwar mutum. Da ruwa ya sauka ta fara cin karo da turmi. Kafin a yanke gero ta daina bambance rana da dare, sai dai ta ji kiran salla.

Abin da na koya ya zo mini a makare, shi ya sa nake rubuto shi ko wani zai amfana. Kunyar da muke taƙama da ita ta hana baki kama suna ce, ba ta hana mutum sani ba. Ni na fake da ita na yi shekaru ban tambayi matata abu mafi sauƙi a kanta ba, kuma ban san sauran abubuwa nawa ne ban tambaya ba. Duk mai shirin tafiya da wani, ya ajiye fasfon a gabansa kafin ya ɗora alƙalami, ko da na wadda suke kwana ɗaki ɗaya ne. In masu aikin sun maimaita maka magana, ka sauke girman kai ka saurara. Kuma kada ka ɓoye wa mutum alherin da kake shirya masa don kawai a yaba maka. Da na faɗa mata tun ranar farko, da ita da kanta za ta miƙo mini fasfon, da yanzu ta ga kogin.

Da sanyi ya shigo jami'ar ta kira ni, muryarta cike da murna, ta ce izini ya fito, sunan ya yi daidai, an ajiye mana ɗaki mai taga a gefen ruwa. Na shiga na faɗa wa matata. Ta juyo da fuskarta wajen da take jin muryata, ta ɗan kauce kaɗan, bango take kallo. Ta ce in yi musu godiya, in ce su ba wani mai ido tagar.