Tafintan da Ya Sayar da Takardar 'Yanci

Mahaifina manomin albasa ne a Kashin Zama, mahaifiyata kuwa Bafulatana ce daga wajen Karaye. Saboda haka na tashi da baki biyu, Hausa a gona, Fulatanci a ɗaki. Na yi karatun allo, na taɓa littattafan Larabci, sannan da na zama saurayi na fara bin motocin albasa. Na je Yamai, na je Kwatano da Lome, har Kumasi na zauna. A hanya na tsinci Zabarmanci da Faransanci da Turanci. Ba ni da wata sana'a sai bakina. Ku yara masu tasowa, da shi na ci abinci, da shi kuma na ci amana.

Abin ya fara ne a kasuwar Jega, a kan rago guda. Mai ragon Bafulatani ne da bai iya ciniki da Hausa sosai ba, mai saye Bazabarme, ni a tsakiya. Wannan ya faɗi nasa, na juya na faɗi wani abu daban, ɗan abin da ya rage a tsakani ya shiga aljihuna. Kowannensu ya yi mini godiya. Na koma gida ina jiran zuciyata ta dame ni, ba ta dame ni ba. Abin da ya fi ribar daɗi ma shi ne ganin manyan mutane biyu sun zuba wa bakina ido, ba wanda ya isa ya kama ni.

Daga rago na koma shanu, daga shanu na koma takarda. A lokacin makiyaya na shan wahala idan za su ƙetara iyaka da rani neman ciyawa. Na sa aka buga mini wasu takardu da Faransanci, aka sassaƙa mini hatimi, na sa musu suna takardar 'yanci. Na riƙa cewa duk wanda ya riƙe ta ba mai tare shi har bakin teku. Cikin waɗanda suka karɓa har da Buba, ɗan kawuna, taubashina da muka yi kiwo tare muna yara. Ya juya takardar yana dubawa, ya ce, "Ni ban iya karatu ba, amma na iya ka." Na yi dariya na sa masa ita a aljihu da hannuna.

A kan iyaka aka tsare shi. Aka rufe shi, aka killace garken a rana ba ruwa, kafin a gane shi ma cutarsa aka yi, shanun da ya gada wurin mahaifinsa sun zube da yawa. Ya dawo bai zage ni ba. Hukuma ce ta zo ta ɗauke ni a tasha, alƙali ya ba ni shekara huɗu.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Abu ɗaya zan faɗa: na iya harshe shida, amma a ciki ba wanda ya yi mini amfani sai na roƙon Allah gafara. Da na fito na koma Kashin Zama, ƙanena ya yankar mini gefen fadamarsa. Na koyi dashen albasa da furfura a kaina. Ba wanda ya ƙara kirana tafinta, ni ma ban nema ba, kuma na ji daɗin zaman.

Shekaru sun shuɗe a haka, sai bara wata malamar jami'a ta zo nemana. 'Yar kudu ce, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, kowa Dakta yake ce mata. Bincike take yi a kan abin da mutane ke nufi da 'yanci, tana son mai Turanci da Fulatanci. An ce mata akwai wani tsoho, amma ba a gaya mata sauran labarin ba, ni ma na yi shiru.

A mota muka riƙa hira. Ta ce ko a cikin jami'a ba su daidaita a kan kalmar ba. Malamin shari'a ya ce mata 'yanci shi ne abin da doka ta hana a ƙwace maka. Na tattalin arziki ya ce a'a, wanda ba shi da zaɓi ba shi da 'yanci, ko da doka ta cika littafi da sunansa. Wanda ya fi ba ta dariya malamin lissafi ne, da ya ce su a wurinsu har lambobi suna da 'yanci, amma idan an riga an tsayar da jimilla, ta ƙarshe ba ta da shi. Na ce, "Dakta, wannan ai lodin albasa ne. Buhunan farko ko'ina ka ga dama ka aje su, na ƙarshe kuwa sai inda aka bar masa." Ta rubuta har wannan.

Ni kuma na gargaɗe ta a kan tambayarta ta farko, wadda ke cewa, kana da 'yanci? Balarabe na da hurriyya, Bafaranshe na da tasa kalmar da yake bugawa a kan komai. Amma a Fulatanci kalmar da ta fi kusa ita ce ndimaku, wato zama ɗa ba bawa ba. Ka tambayi dattijo haka kai tsaye, ka tambaye shi asalin kakansa ke nan, kuma hira ta ƙare. Muka sake wa tambayar fasali.

Rana ta uku direba ya karya kan mota zuwa wata ruga bayan Karaye. Tun daga nesa na gane tsayuwar mutumin. Buba ne, ya tsufa, sanda a kafaɗa. Muka gaisa kamar baƙi. Dakta ta fito da na'urar ɗaukar murya, ya ce a mayar, shi ba ya magana da ƙarfe. Sai ya zama ba abin da ya rage tsakaninsu sai ni. Ita ba ta jin Fulatanci, shi ba ya jin Turanci.

Na yi masa tambayar. Ya daɗe yana kallon shanunsa, sannan ya ce, "Gaya mata tafiya inda kake so ba ita ce ba, ko kare yana yi. Ɗa shi ne wanda za ka bar masa bakinka ka juya baya." Na fassara. Ya ci gaba, bai ɗaga murya ba. "Gaya mata an taɓa sayar mini da 'yanci a takarda, na yi asarar shanun ubana. Wanda ya sayar mini shi ne wanga da ke zaune kusa da ita."

Gumi ya keto mini. Da na ce wani mutum ne daga Jega, da an wuce wurin, aikina na nan, girmana a idon Dakta na nan. Na ji tsohon bakina ya riga ya shirya maganar, santsi kamar da. Na haɗiye ta. Na gaya mata duka, har shekara huɗun da shi bai ambata ba.

Alƙalaminta ya tsaya, ta ɗago ta dube ni.

Buba ya ce, "Ka gaya mata?"

Na ce, "Na gaya mata."

"Na gani a idonta." Sai ya juya wajen bukka ya ɗaga murya. "Ku kawo wa bawana nono, kun bar shi yana zufa kamar ɓarawon akuya!"

A wurinmu ɗan namiji kan kira ɗan mace bawansa, wasa ne na taubasai, ba a yin sa da wanda ake fushi da shi. Rabon da in ji kalmar daga bakinsa tun kafin takardar. Na ce, "Ubangijin da bai iya ciyar da bawansa sai an yi baƙi?" Ya yi dariya har da tari. Dakta ta ce in fassara mata, na fassara, ta ruɗe, ta ce yaya mutum za a kira shi bawa yana murna? Na ce ta rubuta kawai, ta kai wa malamansu su ƙara a cikin nasu.

Ba ta sallame ni ba, mun ƙarasa aikin tare har garin Gehuru. Yanzu duk ranar kasuwar Jega ni da Buba muna zama a inuwa ɗaya muna tsokanar juna.

Ku yara, da yawanku kun fi ni ilimi, kuna karanta wa iyayenku takarda, kuna duba musu saƙo a waya, kuna tsaya musu a asibiti da ofis. Za ku samu kanku a inda ba mai iya kama ku. Na tuba ga Allah, kuma an yafe mini, amma shanun Buba ba su dawo ba. Idan mutum ya ba ku bakinsa, ku isar da abin da ya ce, ko da a kanku zai faɗo.