Dattijon da Ban Ɗauko Ba

Gab da Runka motar ta mutu mini, rana tsaka, ko tari ba ta yi ba.

Lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa ƙasa, ni kuma na samu aiki a Legas. Yayana ya ce in yi shatar mota daga Batsari, na ƙi. Na ce sai dai jar motar nan mai ƙofa biyu da marigayi Baba ya bari, duk tsufanta.

Na buɗe gabanta na duba, ban ga komai ba. Sai ga wata tsohuwa mai tallar nono ta tsaya. Muka gaisa, amma ba ni take kallo ba, kujerar gefen direba take kallo.

Ta ce, "Ɗan nan, dattijon da ka ɗauko ya ce ku juya gida."

Na ce, "Inna, ai ni kaɗai ne."

Ta ce, "Mai farar hula, da tabo a goshi? Ga shi nan yana nuna baya da hannu."

Kamannin Baba ke nan, shekararsa biyu da rasuwa.

Na tura motar na juya kanta wajen Batsari. Murɗa ɗaya ta tashi.

Mahaifiyata da na bari lafiya lau da safe, na iske ta kwance an kewaye ta. Ta riƙe hannuna, kafin la'asar ta cika.

Har yau ban san abin da tsohuwar nan ta gani ba, Allah ne masani. Ko akwai wanda irin wannan ta taɓa faruwa da shi?